Don-Me da Jar Kujerar Goggo

A ƙasan babban titi aka haife ta, kuma duk wanda ya san titin nan ya san ba ƙaramar magana aka yi ba. Ta sama akwai famfo a kowane gida, har da wanda ake shayar da furanni da shi. Ta ƙasa kuwa sai jarka da ƙafa. Mata su fito da sassafe, su tsaya bakin kwalta suna jiran manyan motoci su yi musu rangwame, su tsallaka, su bi layi a famfon gidan mai, su dawo wuya a sanƙare.

'Yar mai gyaran rediyo ce. Sunanta na gaskiya yana can cikin takardun makaranta, a unguwa dai Don-Me ake ce mata, kuma ita ta jawo wa kanta.

"Inna, don me su nasu ruwan yake zuwa har ɗaki, mu sai mun je mun gaishe shi?"

"Kowa da rabonsa. Riƙe jarkar da kyau."

"Ai na ga mutane ne suka haƙa ramin bututun. Don me suka tsaya a can?"

"Bakin nan naki zai kai ki inda ƙafa ba za ta iya dawo da ke ba."

Babanta kuwa dariya yake yi yana hura ƙurar wata tsohuwar rediyo. Yakan ce duk rediyon da aka kawo masa ya san inda ake kashe ta, ban da wadda aka haifa masa.

To, mutanen ƙasan titi ba su da ruwa, amma suna da abin da ya fi musu ruwa nauyi, wato kada baƙo ya ga gazawarsu. Gidajen a manne suke da juna, katangun baya gajeru ne, saboda haka suka ƙirƙiro wata dabara. Mai aski yana da talabijin. Tela yana da fanka. Direba yana da kafet. Goggo kuma, wata gwauruwa da kowa yake kira Goggo har waɗanda suka girme ta, tana da jar kujera mai hannu, wadda aka ba mijinta ranar da ya bar aikin masinja. In baƙon kunya zai zo gidan wani, sai kayan nan su bi ta kan katanga su taru a ɗakinsa. Baƙo ya zo ya ga falo kamar na manya, ya tafi yana yabo, kaya su koma gidajensu.

Aibin kujerar ɗaya ne. Wani ƙarfe ya ɓullo ta cikin katifarta, ta gefen dama, yana cizo. 'Yan unguwa sun san makama, a karkace suke zama. Har yau in ka ga mutum a taro ya jingina hagu ba dalili, tambaye shi, ɗan ƙasan titi ne.

Don-Me tana sakandare aka ce hukumar ruwa za ta turo ma'aikata su shiga gida-gida, su ga unguwannin da suka fi bukata, a kai musu famfo kyauta. Abin da ya shiga kunnen mutane kawai shi ne baƙi za su shiga ɗaki. Ranar kuwa aka yi aikin da ba a taɓa yi ba. Ma'aikata na fita ta ƙofar gaba suna gaisawa da maigida, kujera na tsallake katangar baya. Mai aski yana jan su da hira a bakin ƙofa har sai ya ji Tela ya yi tari, alamar an gama jerawa a gida na gaba. Ita kanta Don-Me, da hannunta ta riƙa miƙa fanka.

Da sakamako ya fito aka ce ƙasan titi unguwar masu hali ce, kowa zai iya jawo ruwa da kansa. Mai aski ya yi mako yana ba masu zuwa aski labari. "Hukuma da kanta ta ce mu masu hali ne." Bututu ya wuce wata unguwa. Aka zagi ma'aikata, aka zagi 'yan saman titi, aka ce hassada ce. Babu wanda ya kalli kujera.

Don-Me ta samu jami'a, ta ce ilimin tattalin arziki za ta karanta. In ta zo hutu sai mai aski ya leƙo daga shago.

"'Yar nan, an ce karatun arziki kike yi? Ga shi takalmin nan dai na bara ne."

"Kawu, ba yadda ake tara shi nake koya ba. Dalilin da ya sa wasu ke da shi wasu babu."

"Wannan ai ni ma na sani. Su suna da shi, mu babu. Je ki karɓo min digirina."

A can ta gamu da wani malami dogo, marar fara'a, ɗalibai na ce masa Ma'auni, don ko gaisuwa aunawa yake yi kafin ya amsa. Wata rana yana koya musu yadda ake gane talaka daga mai hali. Ya ce kada su tambayi mutum abin da yake samu, ba zai faɗi gaskiya ba. Su shiga ɗaki su duba kaya. Ya juya ya rubuta a allo: kujera, talabijin, fanka, kafet. Ya ce, "Baki yana ƙarya. Kaya ba sa yi."

Don-Me ta kalli allo, sai ta ga falon Inna na ranar nan, har da fankar da ta ɗauka da hannunta. Dariya ta kufce mata a tsakiyar aji, kafin ta ankara idonta ya ciko.

"Akwai abin dariya?" in ji Ma'auni.

"Malam, ba sa ƙarya. Amma suna tsallake katanga."

"Nan jami'a ce, ba dandalin hira ba. In kina da hujja, kawo."

Ba ya jin ya faɗi wani abu, amma ya ba ta aikin rayuwarta. Ta gama digiri na farko, ta yi na biyu, ta shiga na uku, duk a kan tambaya guda: mutum nawa hukumomi suke tsallakewa saboda kunya ta hana su nuna babu? Yadda take aikin ma abin kallo ne. Sauran masu bincike su je unguwa da mota, su yi yini, su dawo. Ita sai ta kama hayar ɗaki a unguwar talakawan wani gari ta zauna, ba ta fara rubuta komai sai ranar da aka daina yi mata shimfiɗar baƙi aka fara aikenta. Ta bi mata ɗibar ruwa. In ta shiga falo, ba kujera take kallo ba, ƙasa take kallo, ta ga ko ƙafafun kujerar sun yi gurbi a daɓe. Ta leƙa bayan talabijin ko akwai ƙura da yanar gizo-gizo. Ta ce wa maigida ya ƙara mata ƙarfin fanka, ta ga ko ya san inda ake murɗawa.

Abokan aikinta suka sa wa abin suna gulma mai digiri. Ma'auni ya karanta rubutunta na farko ya mayar mata, ya ce labari ne mai daɗi, ta kai wa masu wasan kwaikwayo. Ba ta yi fushi ba, ko kuma ta yi ta haɗiye. Ta ƙara gari, ta ƙara wani. Duk inda ta je sai ta tarar da tasu jar kujerar: wani wuri agogon bango ne, wani wuri keken ɗinki, wani wuri har labule. Ta rubuta littafi, aka fara gayyatarta ƙasashen waje, wasu garuruwa suka sauya yadda suke tantance mabukata saboda ita. Ta zama Dakta, jami'ar ta ɗauke ta koyarwa. Ta auri wani malamin lissafi mai haƙuri, wanda aka ce shi kaɗai ne a duniya yake amsa tambayoyinta har ƙarshe.

A unguwa, da aka ji ta zama Dakta, Tela ya kawo mata gwiwarsa. Ta yi masa bayani. Ya sauke ƙafar wandonsa yana girgiza kai. "Duk shekarun nan, ko allura ba su koya miki ba?"

Abu ɗaya ne babu a littafin nan: ƙasan titi. Inna ta riga ta ja mata kunne. "Ki je ki tona asirin duniya in kina so. Mu dai kada ki sake ki sa mu a bakin mutane." Bayan rasuwar Baba ta yi ta yi Inna ta koma gidanta na jami'a, inda ruwa yake zuwa har ɗaki. Inna ta ce ba ta iya barci inda ba ta jin tarin Goggo ta katanga. Haka tsofaffin nan suka ci gaba da tsallaka titi da jarka, titin kuma kullum ƙara faɗi yake. A shekarar ne babur ya kwashe matar Tela a tsakiyar kwalta, ta karye a ƙafa, jarkar ta fashe.

Ana cikin haka hukumar ruwa ta tashi sabon aiki, kuma wa aka naɗa shugaba? Ma'auni. Don-Me ta same shi a ofis ta ce tsohon hukuncin da aka yi wa ƙasan titi kuskure ne. Ya ce a wurin hukuma masu hali ne. Ta ce ya zo ya gani da idonsa. Ya auna maganar, ya ce zai zo sau ɗaya. In ya ga abin da magabatansa suka gani, bututu zai sake wucewa, kuma kada ta ƙara tayar masa da zancen katanga.

Ta tara unguwa a tsakar gidan Goggo. Ta yi musu bayani tiryan-tiryan, tun daga ranar fanka.

"Wato mu muka kori ruwan da kanmu," in ji Direba.

"Ba ku kaɗai ba, Kawu, ko'ina haka ake yi. Abin da nake roƙo kaɗan ne. Ranar da zai zo, kowa ya bar ɗakinsa yadda yake."

"Yadda yake?" in ji Inna. "Babban mutum ya shigo ya tarar da ni da tabarma da bokiti? Gidan uwar Dakta? Ke ba ki jin kunya, ni ina ji miki."

"Inna, kunya ko ruwa?"

"Ji min 'ya. Da kunyar aka raine ki har kika yi bakin tambaya."

Matar Tela ce ta ɗaga sandar da take dogarawa ta ce ita dai ruwa. Aka yi ta ja, daga ƙarshe kowa ya yi alkawari. Goggo ma ta ce za ta zauna a kan kujerarta tun safe, ta ga mai ɗaga ta.

Alkawarin ƙasan titi a kan baƙo kuwa, kamar alkawarin kaza ne a gaban tsaba.

Ranar, wajen hantsi, motar Ma'auni ta tsaya bakin titi da Don-Me a ciki. Tana sauka ta ga abin da aka yi. Lungun a share yake tas, an yayyafa ruwa. Kowace ƙofa daɓenta a jiƙe, labulaye a wanke suna ɗiga a kan igiya. Ta jiyo tarin Tela daga can ciki. Ta tsaya tana kallon ruwan wanki yana gangarawa cikin kwata, ta daɗe tana kallo. Sannan ta leƙa ta ce wa direban hukuma lungun ba ya shiguwa, ya je can saman titi ya nemi inuwa, za a kira shi. Motar ta tafi, da robobin ruwan sanyi na shugaba a kujerar baya. Har gobe in aka tambaye ta cewa take yi mantawa ta yi. Mai son ya yarda ya yarda.

Gidan mai aski aka fara shiga. Ga kafet, ga talabijin, ga fanka tana juyi, ga jar kujera. Mai aski ya ƙi haɗa ido da Don-Me.

"Bismillah, ranka ya daɗe, zauna."

Ma'auni ya zauna da dukkan nauyinsa, ya ɗan zabura, ya gyara. Ya dubi ɗaki, ya dubi Don-Me ta saman tabarau.

Ba ta gaggauta ba. Tsakanin gida da gida sai ta tsaya da shi a rana tana nuna masa kwata, tana nuna masa inda babur ya buge matar Tela, tana ba shi tarihin kowane lungu. Rana ta take. Gidan Direba, jar kujera, ya zauna, ya zabura. Gidan Tela, haka. Masu miƙa kayan nan duk sun tsufa, ana jiyo nishinsu ta bayan ɗaki. Ma'auni ya fara share wuya da hankici, leɓensa ya bushe.

"Dakta," ya ce a hankali da suka fito, "abin da na gani ya yi daidai da abin da aka rubuta."

"Saura gida ɗaya, Malam. Na mahaifiyata."

Magana tana bakinta. In ta faɗa, ta kunyata Inna gaban baƙo, kuma ya riga ya ce ba ya son zancen katanga daga gare ta. In ta yi shiru, ruwa ya wuce. Ta yi sallama suka shiga.

Inna ta sha ado, falo ya haɗu, kujera na tsakiya tana huci. Aka gaisa. Ma'auni ya zauna, wannan karon a karkace. Ya yi gyaran murya ya ce, "Inna, a taimaka min da ruwa in jiƙa maƙogwaro."

"Yanzu kuwa, ranka ya daɗe."

Inna ta ɗauki kofi ta fita. Aka ji ƙarar murfin randa, aka ji kofi ya daki gindinta. Aka ji ta jijjiga jarka, ta jijjiga wata. Sai muryarta ƙasa-ƙasa ta katanga: "Goggo, miƙo min ruwa kofi ɗaya." Goggo, da yake kunnenta ya yi nauyi, da ƙarfi ta amsa: "Wane ruwa? Ba da shi kuka wanke kafet ba?" Aka tambayi gidan Tela, babu. Gidan Direba, babu. Unguwa guda ta kwashe ruwanta kaf ta wanke daɓe da labule, kuma babu wadda ta tsallaka titi da safen nan, kowa na jeran ɗaki.

Inna ta dawo da kofi a hannu, wayam. Ta tsaya bakin ƙofa. Duk kunyar da ta yi wa gadi shekara da shekaru ba ta kai wannan ba, a ce baƙo ya roƙi ruwa a ɗakinta ta rasa. Ta dubi 'yarta. Don-Me ta sunkuyar da kai.

Inna ta ajiye kofin a kan talabijin, ta zauna a ƙasa.

"Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri. Babu ruwa a gidan nan, babu a maƙwabta. Kujerar da kake kai ma ta Goggo ce. Akwatin nan na mai aski ne, ni ko kunna shi ban iya ba. Nawa a ɗakin nan tabarma ce, tana bayan ƙofa. Yarinyar nan ta faɗa mana, ba mu ji ba."

Ma'auni ya miƙe yana shafa gefen damansa.

"Inna, kujerar kam mun saba. Tun gidan farko take cizona a wuri ɗaya. Na ɗauka kafinta guda ne ya yi wa unguwar nan mugunta." Ya juya ga Don-Me. "Ta ina take bi?"

Ta kai shi bayan ɗaki. Ga Direba da mai aski a tsaye jikin katanga, hula a hannu, suna haki, suna jiran a gama su mayar da kaya. Saman katangar ya yi sulɓi, ya lotsa a tsakiya, wurin da kujera ta shekara tana gogawa. Ma'auni ya sa hannu ya shafa wurin.

"A ina kuke samun ruwan?"

Inna ta riga ta ɗauko jarka. "Taho in nuna maka, tunda abin ya zama haka."

Ranar 'yan saman titi suka ga abin da ba su taɓa gani ba: shugaban hukumar ruwa da kwat ɗinsa a tsakiyar kwalta, tsohuwa ta riƙe masa hannun riga tana ce masa, "Tsaya, ba yanzu ba, bari tirelar nan ta wuce. To, ruga." Ya bi layi a famfon gidan mai, ya sha da tafin hannu. Da ya ɗago, gemu na ɗiga, ya ce wa Don-Me, "Rubutun nan da na mayar miki, kina da shi?"

"Ya zama littafi, Malam."

"Kawo min. Da ɗalibanki. Duk unguwannin da muka tsallake, a sake dubawa, yadda kike yi."

Kafin shekara ta zagayo aka fasa kwalta aka tsallako da bututu. Ba ƙasan titi kaɗai ba, unguwanni da dama da aka yi wa hukuncin masu hali suka samu, don ko'ina ɗalibanta suka je sun tarar da lotsattsiyar katanga. Ranar da aka buɗe famfon lungu, ya yi tari, ya tofa iska, sannan ya saki. Matar Tela ce ta fara tara bokiti. Mai aski ya ce shi dama tun farko ya san karatun yarinyar nan zai yi rana, shi ya sa yake ƙarfafa mata gwiwa.

Ba a daɗe ba jami'a ta yi mata Farfesa, kuma Ma'auni da kansa ya tsaya gaban taro ya ce ya koyar da ita shekara ɗaya, ita ta koyar da shi a yini ɗaya, a rana, ba ruwa. Inna tana layin gaba. Da aka tambaye ta yadda take ji, ta ce ruwa dai ita ta kawo shi da bakinta, amma karatun ma ya ɗan taimaka.

Goggo ta ce tunda an daina ara, kujerar ta zama kaya, ta ba Don-Me. Tana nan a ofishinta na jami'a, gaban tebur, tsakanin kantocin littattafai. Masu gyara sun sha cewa a kawo su cire ƙarfen, ta hana. Ɗalibai benci take nuna musu. Amma in wani babba ya zo daga wata hukuma yana cewa ai sun riga sun auna, sun san talakawansu, sai ta miƙe da fara'a ta nuna masa jar kujera.

"Bismillah, ranka ya daɗe. Zauna sosai."